Cikina sati 36, Hajiya ta ce lallai mu zo gida Sallah. Don Allah ku ba ni shawara

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Da fatan an shiga goman Zulhajji lafiya. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba.

A Kano muke zaune ni da maigidana. Garinsu yana gaba da Haɗejiya, idan an sauka daga kwalta sai an ƙara tafiya a kan burji. Al'adar gidansu ce duk Babbar Sallah 'ya'yan Hajiya maza su hallara da matansu da yaransu, a yanka raguna a ƙofar gida ɗaya, a yi kwana uku ko huɗu. Tun da aka kawo ni ban taɓa fashi ba. To bana cikina ya shiga sati 36, ranar Sallah zai cika 37. Jiya da daddare Hajiya ta bugo waya tana murna, ta ce har ta sa an share ɗakinmu an ɗaura sabon gidan sauro. Maigida ya ce "to Hajiya, in sha Allahu," ya ajiye waya, bai ko dube ni ba.

Ni ba Hajiya nake gudu ba, wallahi riƙon 'ya take yi min. Hanya nake tsoro, sai kuma aikin. Mu uku ne matan 'ya'yanta, ni ce ƙarama, saboda haka wankin kayan ciki nawa ne duk shekara: hanji da tumbi a tsugune bakin rariya, washegari kuma suya a gaban murhu tun hantsi har la'asar. Yanzu ko takalmi ba na iya sunkuyawa in ɗauka, ƙafafuna sun kumbura. In na ce ba zan je ba, za a ce 'yar birni ta fara raba shi da danginsa. In na je na zauna faccalolina suna aiki, wannan ma magana ce. Ya zan yi?

Ummu Hanan:
Wa alaikumus salam. Kada ki je. Sallah tana dawowa baɗi.

Goggon Yara:
Ummu Hanan, ba a yanke magana irin wannan da layi ɗaya. Ke Maman Sadiq, saurare ni 'yata. Na haifi takwas, shida a ƙauye, kuma babu wanda na haifa ban yi daka ba a satin. Ciki ba ciwo ba ne. Mace mai motsa jiki ita ke samun haihuwa da sauƙi, wadda ta kwanta tana danna waya ita ce za a ce sai an yi mata aiki. Sannan ki duba tsohuwar nan. Shekara guda tana ƙirga kwanaki ta ga jikokinta sun cika mata tsakar gida. Ta share ɗaki, ta sayi gidan sauro da kuɗinta. Ba kowace uwar miji ke yin haka ba. Ki je, ki gaishe ta, ki yi abin da za ki iya, abin da ba za ki iya ba ki bari. Ko can haihuwar ta zo, ai ba a daji kike ba, cikin mutane kike.

Sista Ungozoma:
Kafin kowa ya ce je ko kada ki je, ina da tambayoyi Maman Sadiq. Haihuwar Sadiq yaya ta kasance, da kanki ko tiyata? Jininki ya taɓa hawa a wancan cikin? Nawa aka samu a awon da kika je na ƙarshe? Kumburin a ƙafa kaɗai yake ko har fuska da yatsun hannu? An ce miki kan yaro ya juyo ƙasa? Kuma daga gidan Hajiya zuwa asibitin da ake iya ƙarin jini da tiyata cikin dare, tafiyar minti nawa ce idan an yi ruwa?

Maman Sadiq:
Anti Sista na gode. Da kaina na haifi Sadiq, amma a satin ƙarshe jinina ya hau har 150 bisa 100, aka kwantar da ni aka sa min ruwan naƙuda. Awon makon jiya an samu 130 bisa 85, nas ta ce daga yanzu duk sati zan riƙa zuwa. Kumburin a ƙafa ne, amma zobena ya daina shiga. Kan yaro ya juyo. Daga gidan zuwa Haɗejiya idan hanya a bushe take kamar minti arba'in, idan an yi ruwa kuwa akwai wani kwari da motoci ke maƙalewa.

Sista Ungozoma:
To, da kin fara da wannan bayanin da maganar ta yi gajarta. Zan yi dogon rubutu, ku yi haƙuri, don na san akwai masu karantawa da ba za su yi magana ba.

Goggo ta yi gaskiya a abu ɗaya: ciki ba ciwo ba ne, kuma motsa jiki yana da amfani har ranar haihuwa. Tattaki da yamma, shara kaɗan, girki mara nauyi, duk muna ƙarfafa su. Amma tattaki daban, wuni a gaban murhu cikin hayaƙi da zafin mai daban. Kuma ba kowane ciki ne iri ɗaya ba. Matar da jininta ya taɓa hawa a ƙarshen ciki tana cikin waɗanda muka fi sa wa ido, don abin yana iya dawowa. Daga 140 bisa 90 muke kiransa hawan jini. Ke kina 130 bisa 85, zobe ya daina shiga, ga tarihi. Ban ce kina da matsala yau ba. Na ce ke ba mai yin nisa da abin awon jini ba ce a makonnin nan.

Abin da ya sa muke tsoron hawan jinin ciki shi ne ba ya sallama. Mace tana hira da rana, da dare ta ce kanta na sarawa, tana gani dishi-dishi, ko ƙasan haƙarƙarinta na dama yana ciwo, kafin a ankara jijjiga ta kama ta. A gida sai a ce iska ce, a kawo hayaƙi da rubutu, alhali allura take buƙata da fitar da yaro cikin gaggawa. Na biyu zubar jini bayan haihuwa. Wannan yana iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu idan ba a tsayar da shi ba. Yanzu ki lissafa: a tashi mai mota, a nemo mai, a wuce kwarin da kika faɗa, a isa, a nemo wanda zai ba da jini ranar Sallah.

Sannan sati 37 ba "saura sati uku" ba ne kamar yadda mutane ke ɗauka. Ranar da aka rubuta a katinki ƙiyasi ce. Daga sati 37 yaro ya isa fitowa, ko yaushe naƙuda na iya tashi, kuma haihuwa ta biyu ta fi ta fari sauri a wurin yawancin mata. Shi ya sa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da zuwa awo sau takwas maimakon huɗu, ta kuma tara yawancinsu a ƙarshe: sati 30, 34, 36, 38, 40. Ƙarshen ne wurin hatsarin.

Shawarata: ki koma awo kafin Sallah, ki tafi da maigidan, ya shiga ya ji da kunnensa. Ki faɗa musu maganar tafiyar da nisan wurin. Abin da suka ce shi za a kai wa Hajiya.

'Yar Haɗejiya:
Ina tare da Sista, amma don Allah masu sharhi kada a mayar da Jigawa kamar wani ƙungurmin daji. Haɗejiya akwai babban asibiti, ana tiyata. Jahun akwai sashen haihuwa da ƙungiyar likitocin nan ta MSF ke tallafa wa tun 2008, har daga wasu jihohi ake kawo mata, musamman masu yoyon fitsari. Akwai kuma shirin Haihuwa Lafiya da aka yi don kai mata masu naƙuda asibiti daga ƙauyuka. Matanmu suna haihuwa kullum. Matsalar Maman Sadiq ba jihar ba ce, burjin nan ne da damina, da kuma cewa katinta da duk bayananta suna Kano. Da cikin garin Haɗejiya gidan yake, da sai in ce ta zo da katinta ta sauka a wurina ma.

Maman Sadiq:
Allah ya bar zumunci 'yar uwa. Wallahi ba raini ba ne, ina son garin.

Baban Khalifa:
Ku ba ni dama in yi magana a matsayin namiji, don na ga an fara hararar maigidan a fakaice. Ba ku san nauyin da ke kan ɗa ba idan mahaifiyarsa ta ce "ku zo." Mutumin nan wataƙila shi ne ya fi kowa samu a gidan, shi ake jira ya kawo ragon Hajiya, shi zai biya mahauci, shi zai raba wa yara barka da Sallah. Ya buɗe baki ya ce "matata ba za ta iya ba," yayyensa za su ce to mu namu matan ba su taɓa ciki ba ne? "To Hajiya" da ya ce ba rashin tausayi ba ne. Haka aka tarbiyyantar da mu, ba a musu da uwa a waya.

Ummu Hanan:
Baban Khalifa, ba a musu da uwa, mun yarda. Amma ana shawara da mata. Ya ajiye waya ya juyo ya ce "ya kike gani, za ki iya?" Wannan ma haramun ne?

Maman Biyu:
Kuma ku lura da abin da zai faru in ba a gyara ba. Shi ya ce to. Ita ce za ta zama mai cewa a'a. Laifin gaba ɗaya ya dawo kanta, ita da ba 'yar gidan ba. Alhali in shi ya faɗa, Hajiya za ta yi ɗan ƙorafi ta haƙura, don ɗanta ne, ba ta iya riƙe shi a zuciya. Suruka kuwa kalma ɗaya za a riƙa tuna mata har ta aurar da 'ya'ya. Maza ku gane wannan: duk maganar da ke da ɗaci tsakanin matarka da mahaifiyarka, bakinka ne ya kamata ya ɗauke ta, kuma ka ce "na ga," kada ka ce "ta ce."

Baban Khalifa:
Wannan na karɓa. "Na ga" ɗin nan ta fi. Amma ku ma ku riƙa faɗa mana abin da ke damunku a fili. Mace tana ciwo ka tambaye ta ta ce ba komai, sai a zaure irin wannan za ka ji ashe zobe ya daina shiga.

Maman Biyu:
Kunya ce aka ɗora mana tun muna yara. Wadda ta yi naƙuda ba ta yi ƙara ba ita ake yabo. Ka ga kuwa wadda aka koya wa cije leɓe a kan gwiwa ba za ta zo ta ce maka ƙafarta na ciwo ba.

Abu Ammar:
Ni ina ganin an cika tsoro. Asma'u bint Umais, matar Sayyidina Abubakar, ta fita Hajjin Bankwana da tsohon ciki, ta haihu a hanya, kuma Manzon Allah (SAW) bai ce ta koma ba. Tafiya a kan raƙumi ke nan, ba mota mai sanyi ba. Ina tawakkali?

Malam Na Zaure:
Abu Ammar, ƙissar gaskiya ce, tana cikin hadisin Jabir mai tsawo a Sahihu Muslim. Ta haifi Muhammad ɗan Abubakar a Zul Hulaifa, aka umarce ta ta yi wanka ta ɗaure jikinta ta yi harama. Amma a duba abu biyu. Na farko, wannan Hajji ne tare da Annabi (SAW), rukuni daga rukunan Musulunci. Zuwa gidan surukai cin naman layya alheri ne da sada zumunci, amma ba wajibi ba ne a kan mace, ba kuma sharaɗin layya ba ne. Na biyu, ita ta zaɓi fita, ba a ɗora mata ba. Ƙissar tana nuna halacci ga wadda ta ga za ta iya, ba ta zama hujjar tilasta wa wadda masana lafiya suka ce ta zauna kusa ba.

Allah da kansa ya siffanta ciki da "wahnan ala wahnin" a Suratu Luƙman, rauni a kan rauni. Shari'ar da ta sauƙaƙa wa mai ciki azumin Ramadan idan ta ji tsoro ga kanta ko ɗanta, ba za ta wajabta mata wankin tumbi ba. Kuma ƙa'ida ce sananniya: la darara wa la dirar, wato ba cuta ba cutarwa. Tun da maganar ta zo, azumin Arfa ma nafila ne, Maman Sadiq kada ki matsa wa kanki a kansa bana. Zumunci kuma ana sada shi da waya, da aike, da zuwa bayan an sauka lafiya. Ita Hajiya da za a yi mata bayani yadda Sista ta yi, ina kyautata zaton ita za ta fara cewa a zauna. Jikanta ne a cikin.

Abu Ammar:
Na gamsu da bambancin Hajji da ziyara, Malam. Allah ya ƙara ilimi.

Goggon Yara:
Malam ya yi magana, ba zan ja ba. Amma ina so ku 'yan zamani ku sani, mu ma ba a sake muke ba a da. Akwai goyon ciki: cikin fari yana tsufa ake mayar da yarinya gaban uwarta, ba ta daka ba ta surfe, har ta haihu ta yi wankan jego ta yi arba'in. Wato mun san mai tsohon ciki abar lallaɓawa ce. Abin da ke ba ni tsoro yanzu shi ne kowa ya kulle kansa a gidan haya, ba uwa ba uwar miji, naƙuda ta tashi daga ke sai yaro ɗan shekara uku. In za ta zauna a Kano, wa zai zauna da ita? Ku amsa min wannan.

Maman Iman:
Goggo tambayarki ita ce tambaya. Bari in ba ku abin da na gani da idona, ba labari aka ba ni ba. Wata Babbar Sallah muna gidan surukaina, faccalata tana da ciki wata tara. Wuni ta yi tana yanka nama a kan tabarma, ƙafa a miƙe, tana cewa bayanta ne kawai ke riƙewa. Ashe naƙuda ce take cinta tun azahar, kunyar surukai ta hana ta faɗa, ga maza cike da zaure. Sai bayan isha na shiga ɗaki ɗauko faranti na same ta durƙushe ta riƙe ƙafar gado, zaninta jiƙe, faya ta fashe. Mota ɗaya ce a gidan, ƙanin miji ya fita da ita yawon Sallah, wayarsa a kashe. Ƙaramin asibitin garin muka fara zuwa a motar maƙwabci, muka tarar da kwaɗo a ƙofa, ma'aikaciyar ta tafi garinsu Sallah. Kafin mu isa babban asibiti ta haihu a kujerar baya, a hannuna da na wata dattijuwa, da fitilar waya. Mabiyiya ta ƙi fita, jini kuwa har ƙasan motar. Leda biyu aka ƙara mata. Ta rayu, yarinyar ma tana nan, amma ba don dabararmu ba.

Abin da na riƙe daga ranar: gidan cike yake da mutane fiye da talatin, amma babu mutum ɗaya da aikinsa shi ne ya kula da ita. Kowa na kan nama. Saboda haka yawan mutane ba shi ne tsaro ba. Ko a Kano ko a ƙauye, a samu mutum ɗaya da aka ce ke ce mai ita, da mota ɗaya da aka ce ba ta motsawa, da mai a cikinta.

Sista Ungozoma:
Maman Iman kin gama magana. Mu a wurin aiki jinkiri uku muke cewa suna kashe mata: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Ranar Sallah duk ukun suna ƙaruwa, don ma'aikata ma 'yan kaɗan ne ke bakin aiki.

Hadizan Maraɗi:
Sannunku 'yan uwa na Najeriya. Ni abin da ya ba ni mamaki shi ne wunin suyar. Nan wajenmu ranar Tabaski, wato Babbar Sallah, maza ne ke da aikin wuta. In an feɗe rago sai a baje shi a kan itace a gicciye, a jera su kewaye da wuta a ƙofar gida, samari na juyawa suna shafa mai har dare. Washegari a sassara a raba. Mata na yin kayan ciki da suya su ma, amma babban nauyin ba a kansu yake ba. Ba cewa nake namu ya fi ba, amma in gida na da mai tsohon ciki, me zai hana samarin gidan su karɓi wani abu? Ko a ɗauko mata masu aikin suya a biya su, ai ana yi.

Maman Biyu:
Ana yi sosai a Kano, har da masu babbaka kai da ƙafa. Kuɗin bai kai na man motar zuwa Haɗejiya da dawowa ba.

Amaryar Bana:
Don Allah ku yi haƙuri in shigo da tawa a nan, ni wata bakwai ne. Gaskiya ne mai ciki ba ta cin hanta? Kuma kakata ta hana ni lemon kwalba da rake, wai zaƙi zai taru ya hana ni haihuwa da wuri.

Sista Ungozoma:
Amarya, hanta tana da sinadarin bitamin A mai yawan gaske, wanda yawansa ba shi da kyau ga ɗan tayi, musamman a farkon ciki, shi ya sa ake cewa a yi hankali da ita. Na san a gidaje da yawa ita ake fara gasawa a ci ranar layya. Ki bar musu ita bana, ki ci tsoka. Abin da na fi damuwa da shi shi ne naman da bai dahu ba, wanda aka ɗora a wuta aka sauke da ja a cikinsa, da kuma wanda ya kwana a rataye cikin zafi ya fara canja wari. Ki ci wanda ya dahu sosai, kaɗan-kaɗan, kada ki cika ciki da soyayye da yaji da daddare, ƙwannafi zai hana ki barci. In kin taɓa ɗanyen nama ki wanke hannu da sabulu.

Maganar zaƙi kuwa, rage lemon kwalba abu ne mai kyau, amma ba don yana taruwa ya toshe hanya ba. Majinar da ke fita gab da naƙuda, wadda ake kira zaƙi, halitta ce, ita ke rufe bakin mahaifa, kowace mai ciki tana da ita ko ta sha sukari ko ba ta sha ba. Abin da nake roƙo shi ne a guji jiƙe-jiƙen "maganin zaƙi" da ake ba mata a watan ƙarshe. Ba a san ƙarfinsu ba, wasu suna tayar da naƙuda mai tsanani kafin mahaifa ta shirya. A taron Sallah ne ake yawan miƙo su, kowace gwaggo da nata kofin. Ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, ki ce sai anjima.

Maman Iman:
Wani abu kuma Maman Sadiq, kada ki ɗauka zama a Kano hutu ne kai tsaye. Da an ji kina gari, 'yan yawon Sallah za su yi ta sallama, ke kuma ki kasa zama ki ce bari in ɗora tuwo, bari in soya kaza. Ki dafa abu ɗaya a tukunya babba, ki ajiye cincin da ruwa a falo, wanda ya zo ya ɗiba. Kuma ki tambayi hanya. In asibitinki yana cikin gari ne, kamar Murtala da ke nan Ƙofar Mata kusa da filin Idi, safiyar Sallah wurin ba ya shiguwa, haka in ana hawa dawakai sun cika titi. Maigidan ya san ta inda zai zagaya tun kafin ranar. Jakar haihuwa ta kasance a bakin ƙofa da katin awo a ciki, ba a ƙasan akwati ba.

Maman Sadiq:
'Yan uwa na dawo. Jiya bayan ya ci abinci na miƙa masa wayar na ce ya karanta da kansa. Ya daɗe a kan rubutun Maman Iman. Yau da safe ya raka ni awo, karon farko da ya shiga ciki. An samu 135 bisa 88, sun duba fitsari sun ce babu komai tukuna, amma likita ta ce in dawo bayan kwana uku, kuma ba ta yarda da tafiyar ba. Muna fitowa ya kira Hajiya a gabana, ya ce shi ne ya ga bai kamata in taso ba, ya faɗa mata abin da likita ta ce. Ta yi shiru, sannan ta ce me ya sa ba a gaya mata tun farko cewa jinin yana motsi ba. Ta ce in ba ta ni. Ta yi min faɗa sosai a kan ɓoyewa, ta ce za ta turo Ladidi autarsu ta zauna da ni har suna, ita ma tana tafe da zarar an gama rabon nama.

Saura magana ɗaya da ba mu daidaita ba. Shi yana so ya tafi ranar jajibere da Sadiq, ya yi Idi a can, ya yanka ragon Hajiya, ya juyo washegari da sassafe. Ya ce maƙwabcinmu mai adaidaita sahu ya yi alkawarin barin wayarsa a kunne. Ni kuma raina bai kwanta da kwanan ba.

Baban Khalifa:
Ya aika da kuɗin ragon, yayansa ya yanka. Wakilci ya halatta a layya, Malam yana nan ya gyara min in na yi kuskure.

Malam Na Zaure:
Ya halatta.

Goggon Yara:
A'a, ku bar yaron nan ya je ya ga uwarsa. Ta haƙura da suruka da jikan da ke ciki, kada a hana ta ɗan ma. Ya yi sammako ranar Sallah bayan an sauko daga Idi, ya kai mata Sadiq ta gani, ya juyo kafin magariba. Ba sai ya kwana ba.

Sista Ungozoma:
Ku jira awon da za a yi nan da kwana uku kafin a yanke wannan. In jinin ya sauka ko ya tsaya inda yake, shawarar Goggo mai yiwuwa ce, da sharaɗin Ladidi ta riga ta iso kuma an san wanda zai ba da jini in an buƙata. In ya kai 140, ba inda za shi, don mai yiwuwa a asibiti za ku yi Sallar. Maman Sadiq ki samu a auna ki kullum ko a kemis ɗin unguwa ne, ki rubuta a takarda, ki riƙa kwanciya ta gefen hagu, ki kuma lura da motsin yaro. In motsin ya ragu, ko kai ya sara, ko kika ga jini ko ruwa, kada ki tsaya rubuto mana, ki tafi.

Maman Sadiq:
To Anti, in sha Allahu. Ladidi ta ce jibi za ta shigo motar safe. Zan sanar da ku abin da awon ya nuna.